Bashin da ya fi ƙarfin mutum: abin da na gani a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Aboabo nake magana, a nan Kumasi. Ku yi haƙuri da ƙarar pragya, wato keke napep ɗinmu na gida, haka titin nan yake in an yi la'asar. Maganar bashi na kawo yau, ba na kwano biyu na shinkafa ba, irin wanda ke hana magidanci barci ya sa shi kashe waya tun da safe.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma mu 'yan ci-rani ɓoye shi muke yi, don mutanen gida sun ɗauka duk wanda ya zo Ghana ya samu. Ga shi kuma a 2022 ƙasan nan ta girgiza, sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba na shekarar. Wanda ya karɓi kaya bashi ya sayar, ya koma sari ya tarar kuɗin ba sa sayen rabin abin da ya sayar. Daga nan mutane da yawa suka fara cin wani bashin don su biya wani.

Akwai wani ƙanena, ba zan nuna fuskarsa ba, kayan waya yake sayarwa kusa da kasuwar Kejetia. Ya rame, ya daina zuwa majalisa. Da na matsa masa, sai ya miƙo mini wayarsa. Wata manhajar ba da rance ce ta aike wa duk lambobin da ke ciki hotonsa, an rubuta ɓarawo a ƙasa. Har surukarsa saƙon ya je wa. Rancen mako guda ne, kuma tun kafin kuɗin su shigo MoMo ɗinsa, wato asusun kuɗinsa na waya, an zaftare wani kaso da sunan kuɗin aiki.

Na ce masa, ƙanena, ɗauko littafi. Muka zauna a kan benci bayan shagon, ya buɗe tsohon littafin lissafinsa mai jan bango, muka ja layi uku: sunan mai bin bashi, nawa ne, yaushe. Hannunsa na rawa yana rubutawa. Akwai Alhajin da ke ba shi kaya, akwai mai susu, wato adashinsu na nan, akwai wani kamfanin rance mai lasisi, sai manhajoji biyu. Bai taɓa haɗa jimillar ba sai ranar. Kuɗi ne masu yawa, amma ba su kai yadda tsoro ya nuna masa ba, kuma kowane bashi da ƙofar da ake bi masa.

Su manhajojin nan, yawancinsu ba su da izinin ba da rance. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Ghana ya fitar da sunayen guda 97 da ya ce ba su da lasisi, a watan Yuli kuma hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan kuɗi ta kama mutane sama da 400 kan wannan harka. Tona wa mutum asiri da yi masa barazana laifi ne. Ka adana hoton kowane saƙo, ka kira 292, lambar hukumar tsaron intanet ta ƙasar, ka kai ƙara. Kuma don Allah kada ka sake buɗe wata manhajar don ka rufe bakin ta farko.

Kamfani ko banki mai lasisi kuwa, da ƙafarka za ka je kafin su neme ka, ka nemi a sake tsara maka biya, a tsawaita lokaci, a ba ka a rubuce. Gudu ba ya amfani, domin tun dokar 2007 ana aika sunan mai cin bashi ga kamfanonin adana tarihin rance irin su XDS Data, ko ka canza layi sunanka na nan. In ka kai koke suka yi biris da kai, Babban Bankin na sauraron ƙorafin abokan ciniki. Wanda kuma aka yi wa barazanar kotu ba shi da kuɗin lauya, akwai Legal Aid Commission, hukumar da ke taimaka wa marasa hali a harkar shari'a, suna da ofis a Kumasi, suna zaunar da ɓangare biyu a yi sulhu.

Na Alhaji shi ya fi damunsa, don can ne mutuncinsa da abincinsa suke. Muka roƙi limamin unguwa ya raka mu bayan isha'i. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba Alhaji, ban ci amanarka ba, kasuwa ce ta juya mini." Alhaji ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, ba kuɗin ne suka ɓata mini rai ba, wayata da ka daina ɗauka ce." Liman ya karanto ayar Baƙara ta 280, cewa mai ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi, ya kuma tuna mana aya ta 282 da ta ce a rubuta bashi. Nan take aka rubuta: abin da zai riƙa kawowa duk Juma'a, shaidu biyu suka sa hannu, Alhaji kuma zai ci gaba da ba shi kaya kaɗan-kaɗan don kada shagon ya mutu.

Bari in yi magana da masu hali na Zango, daga Alabar har Asawase. A Suratul Tauba aya ta 60, cikin mutum takwas da Allah ya ware wa zakka akwai algarimina, waɗanda bashi ya danne. Duk shekara ana canza kuɗi ƙanana a raba a ƙofar gida, kowa ya samu na koko, washegari babu wanda halinsa ya sauya. Ina ma a ce a tambayi limamai da masu unguwa, su sun san magidancin da sidi dubu uku za ta fitar daga ƙangi. A biya mai binsa kai tsaye, a karɓi takarda, ba sai an kira sunansa a masallaci ba.

Shi ƙanen nawa bai gama biya ba tukuna, saura na kamfani da kusan rabin na Alhaji. Gobe in Allah ya kai mu zan raka shi wajen mai susu, a ga yadda za a rage masa zubin kullum har ya miƙe. Sai mun haɗu, Allah ya rufa mana asiri.