Me Ya Sa Sai Sun Sake Ɓatawa Ana Gab da Gamawa?

[Bangon littafi: ƙaramin gari, dusar ƙanƙara, fitilu ja da kore]

Da zarar Nuwamba ta kama, sai a fara yi wa littattafan soyayyar Kirsimeti tsiya, su da finafinan da suke bin sahunsu. Ƙorafin kuma bai wuce guda ba. Mutum biyu sun rabu shekara goma, sun haɗu, sun shirya, har an fara jin ƙanshin aure. Saura shafi hamsin littafi ya ƙare, kwatsam sai su sake ɓatawa. Masu karatu su ce, "Haba dai! Wannan ai cika shafi ne. Su zauna minti biyar su fahimci juna mana."

Wannan ɓatawar ta biyu ita ce maganarmu yau. Sauran kuwa da gudu za mu wuce su.

[Da sauri: filin jirgi, akwati, mota a kan titi mai santsi]

Labarin kun san shi ko ba ku taɓa buɗe ko ɗaya ba. Mace ce ma'aikaciya a Niyok ko Shikago, lauya ko 'yar jarida, wayarta ba ta hutawa. Ana saura mako biyu Kirsimeti wani abu ya dawo da ita garinsu: kakarta ta rasu ta bar mata masaukin baƙi, ko gidan burodin babanta na shirin rufewa. Tana sauka, da wa za ta fara cin karo? Saurayin da ta bari tun suna sakandare. Yana nan daram, yana sayar da bishiyar Kirsimeti. Galibi matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya mai bakin manya. Da kare. Karen nan ba a fashinsa.

[Karen. A bar shi daƙiƙa uku.]

Sana'a ce tsohuwa. An kafa kamfanin buga littattafan soyayya na Mills & Boon a Landan a 1908, takwaransa Harlequin kuma a Winnipeg ta Kanada a 1949, ya zo ya saye na Landan ɗin a 1971. Tashar talabijin ta Hallmark a Amurka ta fara jera finafinan Kirsimeti da sunan Countdown to Christmas a 2009. Da yawansu a Kanada ake ɗauka, a tsakiyar lokacin zafi. Ku kalli mutumin nan da kyau.

[A matso da fuskar ɗan wasa cikin rigar sanyi]

Gumi yake yi. Ƙanƙarar ta bogi ce.

Akwai kuma ƙa'ida. Ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka, wadda aka kafa a 1980, ta ce abu biyu ne ke sa littafi ya shiga wannan layin: soyayyar ta zama ita ce ginshiƙin labarin, ƙarshen kuma ya zama mai daɗi. Ke nan tun kafin ki biya kuɗin littafin kin san za su ƙare tare. Ba wannan kika zo ji ba. Abin da kika zo ji shi ne, mutanen da suka taɓa kasawa, me zai hana su sake kasawa?

[Taswirar garin: titi ɗaya, shagon shayi ɗaya, coci ɗaya]

Ƙaramin garin aikinsa hana ɓuya. Duk inda ta bi sai ta gan shi, kuma kowa ya san tarihinsu, har mai kawo wasiƙa. Bikin kuma agogo ne: tikitin komawarta ranar 26 ga Disamba. Shi ke nan, mun gama da su.

[Baƙin allo, rubutu kaɗai: Ɓatawa ta biyu]

Daga nan hotuna sun yi mana ƙaranci, don abin ba a ido yake ba. Sai ku ɗan ba ni kunnenku.

Rabuwar farko tana da dalili, kuma a littafin da ya amsa sunansa dalilin ba nisa ba ne, hali ne. A ce ita duk lokacin da magana ta yi nauyi sai ta tattara ta gudu. Shi kuma girman kai ba ya barinsa ya roƙi kowa komai. Shekara goma baya ta samu gurbin jami'a a birni, ta tsaya tana jiran ya ce kada ta tafi, ko ya ce zai biyo ta. Shi yana jiran ta ce ba za ta iya tafiya ta bar shi ba. Babu wanda ya buɗe baki. Mota ta tashi. Tun daga ranar kowa na ba kansa labarin da ya wanke shi: ita ta ce bai damu da ita ba, shi ya ce ta raina garinsu ta raina shi.

To yanzu sun haɗu. Sun yi wa masauki fenti tare, sun gasa biskit, sun tuna malamin lissafinsu sun yi dariya. Mai karatu na jin daɗi, yana cewa an shirya. Ba a shirya ba. Duk wannan zaƙin na tunawa da da ne, ba a taɓa inda ciwon yake ba ko sau ɗaya. Hasali ma lallaɓawa suke yi suna kewaye shi.

Sai marubuciya ta ɗauko ranar nan ta shekara goma baya, ta sake mata kaya, ta ajiye musu a gaba. Waya ta yi ƙara. An ƙara mata girma a ofis, amma dole ta kasance a Niyok nan da kwana uku. Ta dube shi. Shi kuma ya yi me? Abin da ya saba. Ya ce, "Ki tafi, kin cancanta." Ita kuma ta ji abin da ta saba ji: bai damu ba. Ta ɗauki akwati.

Kun ga abin da ya sa zaman minti biyar ɗin nan ba zai yiwu ba? Rashin iya wannan zaman shi ne cutar tun asali. Da sun iya, da babu littafin. Ɓatawa ta biyu ita ce wurin da ake nuna musu, a nuna mana, cewa shekaru sun wuce amma halin na nan da ransa.

Mu ma mun san wannan a maganar kome. Idan mace za ta koma ɗakinta, dattijon kirki ba ya tsayawa kan "kuna son juna?" Ya san da tsohuwar zuma ake magani. Abin da yake bincike shi ne, abin da ya kawo sakin, an gyara shi ko rufa-rufa aka yi?

[Zanen tsohon birnin Bath, Ingila]

Dabarar ta girmi Hallmark nesa ba kusa ba. Littafin Persuasion na marubuciyar Ingila Jane Austen ya fito a ƙarshen 1817, bayan rasuwarta. Tauraruwar labarin, Anne Elliot, tana shekara 19 ta fasa auren wani sojan ruwa, Wentworth, saboda aminiyar mahaifiyarta, Lady Russell, ta ce ba shi da abin hannu. Bayan shekara takwas ya dawo da dukiya. Ku lura da abin da Austen ta yi: ta sake kawo wani manemi mai asali, ɗan dangin mahaifin Anne, kuma Lady Russell ɗin nan dai ta sake nuna shi ya fi dacewa. Jarrabawa iri ɗaya. Wannan karon Anne ba ta sauraru ba. Shi ma Wentworth kishi da fushi sun kusa sake kai shi waje, sai da ya sauke kai ya rubuta mata wasiƙa. Daga baya ya amsa da bakinsa cewa tun shekaru shida baya da ya rubuto da an wuce wurin, girman kai ne ya hana shi.

[Mota na gudu cikin dare zuwa filin jirgi]

Shi ya sa gudun nan zuwa filin jirgi ba shi da wata daraja don kansa. Darajarsa na zuwa ne idan ya zama kishiyar laifin farko. Wanda laifinsa shiru ne, sai ya yi magana, a gaban mutanen garin da yake jin kunya. Wadda laifinta gudu ne, sai ta tsaya a gama maganar mai zafi har ƙarshe. Idan mai shirun ya aiko da fure cikin mota guda amma bai ce uffan ba, to asarar kuɗi ya yi.

Masu ƙorafi suna da gaskiyarsu, ban hana su ba. Akwai littattafan da ɓatawar tasu shirme ce zalla. Ta tsinci rabin hirarsa a waya. Ko ta hango shi ta taga ya rungume wata, ashe ƙanwarsa ce. Ƙanwar da ta sani tun suna yara, a garin da bai fi mutum dubu biyu ba! Ga yadda za ku gane: ku cire faɗan ku ɗora wa wasu masoyan daban. Idan ya zauna daidai, cikon shafi ne. Idan ba zai yi ma'ana ba sai a kan waɗannan biyun da tarihinsu, marubuciyar ta san aikinta.

Abin da ni yake ba ni haushi daban ne. Kusan kullum macen ce ke ajiye aikin da ta sha wahala a kansa, shi kuwa ko titinsu bai bari ba. Sannan ga saurayinta na birni, bawan Allah.

[Mutum cikin kwat, riƙe da waya, shi kaɗai]

Laifinsa duka yana zuwa aiki a kan lokaci.

[Da sauri: kunna fitilun bishiya, taron gari, yarinyar, karen]

Sauran kun sani. A kunna fitilu a dandalin gari, dusar ƙanƙara ta sauko daidai lokacin da ake bukata, masauki ya tsira. Babi na ƙarshe ya ce "bayan shekara ɗaya", ga ɗaurin aure. Ku duba can bayan amarya, ƙawar nan da ta yi cacar baki da likitan dabbobi a babi na shida. Littafi na biyu nata ne.