Mita biyu a jadawali, katangar ruwa a Teahupo'o: lambar da ake tsallakewa

[Hoton Gabriel Medina a sama, allonsa a tsaye a gefensa]

Wannan hoton da yawanku kun san shi. Gabriel Medina ne, ɗan wasan hawan igiyar ruwa a kan allo daga ƙasar Burazil, ranar 29 ga Yulin 2024, a gasar Olamfik ta Paris. Wurin kuwa Teahupo'o ne, wani ƙauye a tsibirin Tahiti da ke ƙarƙashin Faransa a tsakiyar Tekun Pasifik, fiye da kilomita 15,000 daga Paris ɗin. Jérôme Brouillet na kamfanin dillancin labarai na AFP ne ya ɗauki hoton daga cikin jirgin ruwa, kuma igiyar da Medina ya fito daga cikinta ta ba shi maki 9.90 cikin 10.

Duk sanda hoton nan ya sake yawo, tambaya biyu ke biyo bayansa. Wasu su ce, wace irin iska ake yi a wurin nan da har take ɗaga ruwa haka? Wasu kuma, waɗanda suka taɓa leƙa jadawalin hasashen teku, su ce, ai ranar da aka rubuta mita biyu sai mu ga ruwa ya ninka tsawon mutum, ina mita biyu ina wannan katanga? Amsar duka biyun tana cikin wata 'yar lamba da ido ke tsallakewa.

[Jadawalin hasashe ya cika fuskar allo]

Ga jadawalin. Layi huɗu ne ke da amfani: tsayin igiya, tazararta, inda ta fito, sai iska. Za mu bi ukun da sauri. Layi na biyu ne zai zaunar da mu.

Amma da farko ku dubi ganyen kwakwar nan da ke bakin gaɓa. Ko motsi ba ya yi, ga shi kuma teku na ta toroƙo. Iskar da ta haifi wannan igiya ta gama aikinta tun kwana uku ko huɗu da suka wuce, can kudu da Niyu Zilan, kusa da Antaktika, inda guguwa ke kaɗawa a kan buɗaɗɗen ruwa babu ƙasar da za ta tare ta. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba, lokacin sanyin can, guguwar kan zo a jere. Abu uku ke gina igiya a wurin: ƙarfin iskar, tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta kaɗa a kai. Guguwar ta mutu, igiyar kuma ta kama hanya.

Mutanen Yamai sun san irin wannan. A watan Janairu, tsakiyar rani, ko ɗigon ruwa babu a sama, amma kogin Isa, wato kogin Neja, a cike yake maƙil, saboda ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini watanni da suka wuce sai lokacin ya iso. To ita ma wannan baƙuwar igiya ce, daga nesa ta taso.

Kuma an auna abin. A 1963 wani masanin teku mai suna Walter Munk da abokan aikinsa suka jera na'urori a Tekun Pasifik tun daga Niyu Zilan har Alaska, suka bi sawun igiyoyin da guguwar kudu ta haifa, suka same su sun ratsa tekun kaf sun isa can arewa.

[A zuƙo layin tazara, lambobin 8 da 16 su fito]

Yanzu ga inda ake ruɗewa. Tazara ita ce yawan sakan da ke tsakanin ƙololuwar igiya ɗaya da ta bayanta. Ka tsaya wuri guda, wannan ta wuce, ka fara ƙirga har wata ta iso. In ka ƙirga takwas, tazara takwas ke nan.

Mu ɗauki misali da kwana biyu. A ce Talata an rubuta mita biyu, sakan 8. Juma'a kuma mita biyu, sakan 16. Wanda ya dubi layin farko kawai zai ce ai duk ɗaya ne. Wallahi tsakanin ranakun nan biyu akwai nisa.

A cikin ruwa mai zurfi, tsawon igiya daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa ana samunsa ne in an ninka tazarar da kanta, sannan a ninka da 1.56. Ta Talata, 8 sau 8, 64 ke nan, tsawonta kusan mita 100. Ta Juma'a, 16 sau 16, 256, tsawonta kusan mita 400. Tazara ta ninka sau biyu, tsawo ya ninka sau huɗu. Ku dakata ku dubi zanen nan da kyau. Duka biyun mita biyu suka ɗaga a sama, amma ku ga yawan ruwan da ke cikin doron ta Juma'a.

Sannan igiya tana da jiki a ƙasa. Abin da ido ke gani a sama kaɗan ne. Ruwan da ke ƙarƙashinta yana juyawa har zuwa zurfin da ya kai rabin tsawonta. Ta Talata tana motsa ruwa zuwa mita 50. Ta Juma'a tana motsa shi har mita 200 ƙasa, inda hasken rana ma da ƙyar yake kaiwa. Wato tun tana nesa da gaɓa ta fara jin ƙasan teku, tana lanƙwasa, tana tattara kanta wuri guda, alhali ta Talata ba ta ma san an kusa isa tudu ba.

[Bidiyo daga ƙarƙashin ruwa: murjani, sannan inuwar igiya ta wuce a kai]

Ga abin da ke jiransu a Teahupo'o. A gaɓar yashi, ƙasa kan taso a hankali, igiya ta yi ta rage ƙarfi tana tafe. A nan kuwa ƙasan teku daga zurfi yake miƙewa tsaye, ya ƙare a kan dutsen murjani wanda ruwan kansa a wasu wurare bai kai ƙugun mutum ba. Igiyar sakan 16 ta taho da duk wancan ruwa, sai ta yi kiciɓis da wannan tudu farat ɗaya. Ƙasanta ya ci birki, samanta bai tsaya ba. Ku kalli gabanta a nan, a hankali. Kun ga yadda ruwa ke janyewa daga kan dutsen yana komawa cikinta? Zuƙe shi take yi. Shi ya sa ake ganin kamar gindin igiyar ya faɗa ƙasa da sauran tekun. Sai leɓenta, mai kaurin da ya kusa tsayinta, ya wurgo gaba ya bar kogo a ciki. Cikin wannan kogon ne mahaya ke neman shiga su fito.

Ta Talata fa? Za ta zo, ta fashe, ta yi kumfa, shi ke nan.

Ni a ganina masu tsara waɗannan manhajoji na hasashe suna da laifi a wannan ruɗani. Sai su rubuta tsayi da manyan lambobi masu launi, tazara kuma su maƙale ta a ƙasa kamar ba ta da aiki. Ga mai shirin shiga ruwa a kan dutsen murjani, ita ya kamata ido ya fara sauka a kai. Kuma tsayin nan ma da ake rubutawa na buɗaɗɗen teku ne, kafin igiya ta taɓa dutse. Matsakaicin tsayin kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi girma ne, don haka jefi-jefi wata za ta zo da ta kusa ninka shi. Maganar ba ta wasa ba ce. A shekarar 2000 wani mahayi ɗan Tahiti ya rasa ransa a wannan wuri bayan igiya ta maka shi da dutsen.

[Taswirar Pasifik, layuka na tafiya daga kudu maso yamma zuwa Tahiti]

Tazara tana da wani amfanin, kuma shi ne sirrin gane abin da ke tafe. Igiya mai doguwar tazara ta fi gudu. Ayarin masu sakan 16 yana cin kusan kilomita 45 a awa, wato sama da kilomita 1,000 a yini. Masu sakan 8 rabin haka suke yi, da yawansu ma a hanya suke mutuwa. Daga Niyu Zilan zuwa Tahiti kusan kilomita 4,000 ne, ku yi lissafin, kusan kwana huɗu ke nan. A wannan doguwar tafiya sai igiyoyin su tace kansu, dogaye a gaba, gajeru a baya.

Saboda haka in kana bin jadawali ka ga ranar Laraba da yamma an rubuta rabin mita, sakan 20, kada ka raina ta. 'Yan gaba ne suka iso. Washegari tazara za ta sauko 18, tsayi ya hau. Juma'a 16, abin ya kai maƙura. Zuwa Lahadi ta koma 12, ayari ya wuce. Masu jiragen ƙauyen da ke kai mahaya da masu ɗaukar hoto bakin igiya, da zarar sun ga wannan lamba ta yi tsalle sun san mako ya yi albarka, sai a fara neman man fetur.

Baƙuwar igiya kuma a rukuni take zuwa. Uku, huɗu, biyar a jere, sannan teku ta kwanta luf na tsawon mintoci kamar ba ita ba. Ku tuna wasan ƙarshe na maza ranar 5 ga Agustan 2024. Kauli Vaast, ɗan Tahiti da ya tashi a wannan gaɓa, ya kama igiya biyu masu kyau tun da wuri, ya haɗa maki 17.67. Jack Robinson na Ostareliya ya samu ɗaya mai 7.83, ya zauna a kan allonsa yana jiran ta biyu har lokaci ya cika, teku ba ta aiko ba. Ku dubi fuskarsa. Abin tausayi, mutum ya zo da duk gwanintarsa, ruwa ya ƙi ba shi dama.

[Kibiyar alƙibla a kan hoton dutsen daga sama]

Layi na uku, inda igiya ta fito, da digiri ake rubuta shi. 180 kudu ne, 270 yamma. Teahupo'o tana fuskantar kudu maso yamma. In igiyar ta fi karkata kudu, takan buɗe a hankali, mahayi ya samu hanyar fita. In ta karkata yamma sai ta lanƙwaso ta rufto da kauri, ta fi ban tsoro. Wancan shuɗin ruwa mai duhu a gefe, inda jirage ke tsaye lafiya lau, mashigar Hava'e ce. Ruwan daɗi da ke gangarowa daga tsaunuka ne ya hana murjani girma a wurin, ya bar zurfi.

To ina aikin iskar wurin? Ita ce mai gyara ko ɓatawa. In ta taso daga tudu ta nufi teku, a nan wato daga gabas ko arewa maso gabas, takan tallafi fuskar igiya ta riƙe ta a tsaye, ta goge ta sumul, kogon ya buɗe. Wannan farin feshin da kuke gani yana tashi baya daga ƙololuwa, alamarta ke nan. In kuwa daga teku ta taso ta nufi tudu, sai ta ture igiyar daga baya, ta rushe tun lokacinta bai yi ba. Ku lura, sunan iska daga inda ta fito ake sa shi. Iskar gabas daga gabas ta taso, yamma ta nufa.

Ranar hoton Medina ɗin ma haka aka yi. Da safe komai ya daidaita, daga baya iska ta juya, hadari ya shigo, aka ɗage zagayen mata, ba a koma ruwa ba sai 1 ga Agusta. Igiyar nesa ana iya hango ta tun saura kwanaki, don tauraron ɗan'adam ya ga guguwar da ta haife ta, na'urorin da ke yawo a teku kuma sun auna ta a hanya. Iskar gida kuwa sai an matso sosai ake iya dogara da hasashenta. Shi ya sa aka ware wa gasar kusan kwana goma alhali kwana huɗu kacal take buƙata.

[Wayewar gari a Teahupo'o, tsaunuka a baya, ruwa sumul]

Galibi sassafe ya fi. Da dare tudu kan huce, iska mai sanyi ta gangaro daga tsaunuka zuwa teku, mutanen Tahiti suna kiranta hupe. Rana na ɗagawa tudu ya ɗau zafi, iska ta fara sauya hali. Cikowa da janyewar teku, wanda a wasu gaɓoɓi shi ne komai, a Tahiti kaɗan ne ƙwarai, bai kai rabin mita ba, don haka a nan ba a cika damuwa da shi ba.

Mu koma kan misalinmu mu karanta Juma'a gaba ɗaya. Mita biyu, sakan 16, digiri 210, iska daga arewa maso gabas, mara ƙarfi, daga asuba zuwa hantsi. Wannan rana ce ta ƙwararru da masu ceto a kan baburan ruwa, sauran jama'a kuwa kallo daga cikin jirgi a mashiga. Wanda ke koyo ya jira Lahadi, in tazara ta sauko, ya nemi gaɓar yashi irin ta Papara. Kuma daren Alhamis a sake duba layin iska kafin a kwanta.