Lacca: Prolaktin Ya Hau a Takarda, Anya Ya Hau a Jiki?

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Abu uku zan faɗa kan prolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa. Daga fituwitari yake fitowa, wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. In ya yi yawa haila takan rikice, ciki ya ƙi shiga. Ga mace marar ciki, ana so ya tsaya ƙasa da 25 ng/mL.

Na farko, ɗibar jinin. Baiwar Allah ta taso daga Tudun Wada, ta sha layi, ga tsoron allura, a caka mata sau uku. Ai ko ƙato ne sai nasa ya hau! Barci ma yana ɗaga shi. A bari sai ta yi awa biyu da tashi, ta zauna ta huta minti 30, sannan a maimaita.

Na biyu, kuma nan nake so ku rubuta: makroprolaktin. Prolaktin ne da ya manne wa sinadarin garkuwar jiki, IgG, ya zama dunƙule. Ya yi wa ƙoda girma, sai ya taru a jini. Na'ura tana ƙirga shi, amma ba ya aikin komai, kamar ɗalibin da ya sa hannu a rajista ya koma Samaru shan shayi. Ba ya aiki, na ce! Lamba ta hau, haila lafiya lau, nono ba ya zuba. Maganin ruɗanin? A gauraya ruwan jinin da wani sinadari mai suna PEG, a juya a na'ura, dunƙulen ya kwanta, a sake aunawa. In abin da ya rage bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, shi ne. In ba a yi ba, sai a tura ta hoton MRI, kuma kusan mutum 1 cikin 10 yana da ɗan ƙari a fituwitari wanda ba ruwansa da kowa. Shi ke nan, an laƙaba mata ciwo, ga maganin rage prolaktin, bromocriptine, da jirinsa da tashin zuciya, ainihin abin da ya hana haihuwar kuwa ba a nema ba.

Na huɗu... na uku ne? To. Ciki, shayarwa, raguwar aikin tayirod (wata halitta a wuya), ciwon ƙoda, maganin amai metoclopramide, na hawan jini methyldopa, da na taɓin hankali haloperidol, duk suna ɗaga shi. Lokaci ya tafi.

Na'am, Hajiya? Naki 480 aka rubuta? Duba gefen lambar. mIU/L ne? Raba da 21 ya koma ng/mL, bai kai 23 ba ma. Lafiyarki ƙalau ta wannan fannin. Miƙo takardar in gani.