Kamfanonin Magani na Ayalan: Haraji Kaɗai Bai Kai Su Ba, Ba Zai Dawo da Su Ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Ranar 12 ga Maris, 2025, Firaministan Ayalan, Micheál Martin, ya kai ziyarar da shugabannin ƙasarsa suka saba kaiwa fadar White House duk shekara. Yana zaune, ga 'yan jarida sun cika ɗaki, Shugaba Donald Trump ya ce masa Ayalan ta kwashe wa Amurka kamfanoninta na magani. Ya dai yaba wayon mutanen Ayalan, ya ɗora laifin a kan shugabannin Amurka na baya, sannan ya ce da shi ke mulki a lokacin, da ya lafta wa kamfanonin harajin kashi 200 cikin ɗari a kan duk abin da za su shigo da shi. Daga nan kuma sai barazana ta bi barazana: a watan Agusta aka ji kashi 250, a watan Satumba aka ji kashi 100.

Ɗan siyasa ya yi maganar siyasa, wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ya ishe ni shi ne yadda masu sharhi, har da waɗanda ake kira masana, suka ɗauki zancen suna ta maimaitawa: wai sauƙin haraji ne ya kai kamfanonin Ayalan, don haka bulalar haraji za ta koro su gida. Shi ke nan, an gama bayani. Haba jama'a! Masana'antar magani ba rumfar kasuwar mako ba ce da za a kwance ta da yamma a kafa ta a wani gari da safe.

Ayalan ƙasa ce mai mutum miliyan 5 da ɗoriya, ko kusa ba ta kai Jihar Kano yawan jama'a ba. Amma a 2024 ta fitar da magunguna da dangoginsu na kusan Yuro biliyan 100, abin da ya doshi rabin duk hajar da ta sayar a waje. Kuma ƙasar nan, a shekarun 1950, 'ya'yanta guduwa suke yi. Sama da mutum dubu 400 suka bar ta cikin shekara goma, zuwa Ingila da Amurka neman aikin ƙarfi, har a 1961 jama'arta suka ragu zuwa miliyan 2.8. To me ya faru tsakanin wancan lokaci da yau?

E, an rage haraji, tun 1956 ma aka fara yafe shi a kan ribar kayan da ake fitarwa. Amma a 1967 aka fara karatun sakandare kyauta, bayan da ministan ilimi Donogh O'Malley ya yi shelarsa. A shekarun 1970 aka buɗe kwalejojin fasaha a garuruwan larduna. A 1973 ƙasar ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai, wanda ya sa duk maganin da aka yi a Ayalan zai iya shiga Jamus da Faransa ba tare da kuɗin fito ba. Ga kuma hukumar jawo jari ta IDA, wadda aka kafa tun 1949, jami'anta na bin kamfanoni ofis-ofis a Amurka, gwamnati ta zo ta tafi, su suna nan a kan aiki ɗaya. Shekara sama da hamsin ana wannan fama. Sai wani ya zauna gaban makirufo ya ce haraji ne kawai?

Ku dubi ƙauyen Ringaskiddy da ke bakin teku kusa da birnin Cork. Da kamfanin Pfizer ya sauka can a 1969, ba wani babban magani ya fara yi ba, sinadarin tsami ne irin wanda ake sawa a lemon kwalba. A hankali ma'aikata suka goge, aka riƙa ba su aiki mai wuya, har aka kai ga can ake yin sinadarin Viagra. Garin Westport da ke can yammacin ƙasar, wanda bai kai mutum dubu 10 ba, shi ke samar wa duniya kusan duk allurar Botox da masu hali ke yi don gyaran yamushewar fuska, kuma masana'antar tana wurin tun 1977. Kamfanin Eli Lilly yana garin Kinsale sama da shekara arba'in, yau a can ake yin sinadarin allurarsa ta ciwon suga da rage ƙiba da duniya ke rububi. Akwai gidajen da uba ya yi ritaya a waɗannan wurare, 'yarsa ta karɓa. Wannan ƙwarewa ba a loda ta a jirgin ruwa.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda ake aikin, don a nan ne masu zancen haraji suke nuna ba su taɓa leƙa ciki ba. Da yawa daga magungunan ciwon daji na zamani ba a haɗa su kamar yadda ake haɗa farasitamol. Ƙwayoyin halitta masu rai ake reno a cikin tankunan ƙarfe masu cin dubban lita, a ɗumi daidai na jikin mutum, ana ba su abinci, ana auna iskarsu dare da rana har tsawon makonni, su kuma su fitar da maganin. Ma'aikacin da zai shiga ɗakin da ake ɗura shi a kwalba sai ya rufe jikinsa ruf, daga gashi har tafin ƙafa, kuma sanya kayan kansa darasi ne da ake jarraba mutum a kai. Ƙwayar cuta ɗaya ta kutsa cikin tanki, an yi asarar miliyoyi, sai a zubar a sake sabon lale. Gwamnatin Ayalan har cibiyar horaswa ta gina a Dublin, babban birnin ƙasar, mai suna NIBRT, aka buɗe ta a 2011, da injina irin na masana'anta, don ɗalibi ya yi kuskurensa a can kafin ya taɓa maganin da za a yi wa mara lafiya.

In kuma kamfani ya ce zai mayar da aikin wani wuri, gina bango shi ne mafi sauƙi. Sai ya tabbatar wa hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, cewa abin da sabon tanki ke fitarwa daidai yake da na tsohon, zubi bayan zubi, da takardu, da masu bincike su zo su duba da idonsu. Eli Lilly ya sanar da sabuwar masana'antarsa ta Limerick a farkon 2022, daga baya ya ce sai 2026 za ta fara aiki. Shekara huɗu ke nan, a ƙasar da komai yake shirye. Wa'adin shugaban ƙasa guda cur.

Na san amsar da za a ba ni: Ayalan maɓoyar masu gudun haraji ce. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Kamfanoni na rajistar haƙƙin mallakar magungunansu a Dublin don ribar ta bayyana a can, inda haraji yake kashi 12.5 tun 2003. Kamfanin kayan aikin asibiti na Medtronic ya mayar da hedikwatarsa Ayalan a 2015, Pfizer ma ya so yin haka ta hanyar haɗewa da kamfanin Allergan mai hedikwata a Ayalan, sai gwamnatin Obama ta toshe ƙofar a 2016. To amma in haraji ne duka labarin, tsibiran Cayman ba sa karɓar ko sisi a kan ribar kamfani. Wane maganin ciwon daji ake yi a Cayman? A can akwatin gidan waya ake ajiyewa, a Cork kuwa tanki da mutane. Sannan a Janairun 2024 Ayalan ta ɗaga harajin manyan kamfanoni zuwa kashi 15, bisa yarjejeniyar ƙasashen duniya. Sun tattara sun gudu? A watan Satumban shekarar, Eli Lilly ya sanar da ƙarin jarin dala biliyan 1.8 a Limerick da Kinsale.

Kuma in ana neman wanda ya buɗe ƙofar gudun riba, ai a Washington yake. Dokar haraji ta 2017 ta sa kamfani ya biya kashi 21 a kan ribar gida, amma kusan rabin haka a kan ribar da ya rubuta a waje. Wa ya sa mata hannu? Shugaba Trump, a wa'adinsa na farko. Majalisar Amurka na iya gyara wannan da ƙuri'a, ba tare da an taɓa farashin allurar kowa ba.

Ba wai ina wanke Ayalan ba ne. Ni kaina ban tabbata ginin nan zai jure girgiza ba. Majalisar da ke sa ido kan kasafin kuɗin ƙasar ta yi gargaɗin cewa kamfanoni uku kacal suka biya kusan kashi ɗaya bisa uku na harajin kamfanoni tsakanin 2017 da 2021, kuma manyan masana'antun nan na baƙi ne, a wata ƙasa ake yanke shawararsu. Ga kuma abin kunya: ƙasar da ke yi wa duniya magani tana cikin na baya a yammacin Turai wajen kai sabon magani ga marasa lafiyarta. Ayalan ce kan gaba a duniya a cutar gadon nan da ke toshe huhu da majina mai kauri, wadda likitoci ke kira cystic fibrosis, amma sai da iyaye suka yi zanga-zanga a ƙofar majalisa kafin a amince da sayen maganin Orkambi a Afrilun 2017, saboda kuɗinsa ya doshi Yuro dubu 160 a shekara ga mutum ɗaya. Mai son sukar Ayalan, ga wuri nan. Wannan kuwa harajin shigo da kaya ba ya maganinsa.

To barazanar me ta haifar? A watannin farko na 2025 kamfanoni suka yi ta jigilar magani zuwa rumbunansu na Amurka kafin haraji ya sauka, hajar da Ayalan ke aikawa can ta yi tashin da ba a saba gani ba. A ƙarshen Yuli kuma, Trump da shugabar Hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen, suka daidaita a kan cewa harajin ba zai wuce kashi 15 ba. Daga 200 zuwa 15. Kuma kashi 15 ɗin ba baitulmalin Dublin ke biyansa ba, mai shigo da kayan ne a tashar Amurka, shi kuma ya san inda zai fanshe: kamfanin inshora, asibiti, da mai ciwon sugan da ke tsaye a kantin magani a Ohio.