Atisayen gudun fanfalaki a ƙasar waje lokacin da agogon jiki ya rikice

Jama'a, barkanku da zuwa. Tambayar da aka fi yi mini ita ce: ina shirin gudun kilomita 42.195, ga tafiya ta taso, yaya zan yi da jadawalina? Amsata ita ce, a kwanakin farko na sauka jadawali ya dakata tukuna, agogon jiki ya fara daidaita.

Akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi a cikin ƙwaƙwalwa da ke riƙe da lokacin barci da farkawa, kuma hasken da ke shiga ido shi ke saita shi. Binciken yadda wannan agogo ke aiki ne ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar Nobel a 2017. Agogon nan ba ya tsalle. Yana matsawa ne kamar awa ɗaya a rana, kuma tafiya gabas ta fi wahala, domin tana gajarta wa matafiyi rana, ita kuwa ranar jikin ɗan Adam ta ɗan ɗara awa 24, tsawaita ta ya fi masa sauƙi a kan gajarta ta.

To, ku ɗauki wanda ya taso daga New York ya sauka Landan, bambancin awa biyar. Ya ɗaura takalmi ƙarfe shida na safe, yana ganin ya yi ƙwazo. A jikinsa kuwa ƙarfe ɗaya na dare ne. Zafin jiki na ƙasa, tsoka ta yi nauyi, hankali bai dawo ba, ga titi baƙo, motoci suna tahowa ta hannun da bai saba ba. Abin da ya fi damuna shi ne, hasken da ya sha a wannan lokaci zai tura agogonsa baya, alhali gaba yake so ya je. Da ya haƙura zuwa wajen sha ɗaya na safe, ya yi sassarfa ta minti talatin a fili, da gudun nan ya zama masa magani. Wanda tafiyarsa ta nufi yamma kuma, hasken la'asar zuwa faɗuwar rana yake buƙata, sai ya fita a lokacin.

Dogon gudu na mako, ku yi shi kafin ku hau jirgi, ku bar kwana ɗaya na hutu tsakani. Gudun sauri ku jinkirta shi har barci ya fara zama daidai, in kuma dole ne, ku sa shi da yamma. Na san tsoron da ke zuciyar mai atisaye, wai ƙarfinsa zai zube. Ba ya zubewa cikin mako guda. Targaɗe a bakin titi da jikin da bai farka ba shi ne ke cinye wata guda.

Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, ku sha ruwa, ku riƙa tashi kuna taka ƙafa. Kofi da safe kawai. Barcin rana kada ya wuce minti ashirin zuwa talatin, ko da ido na rufewa.

Na'am, 'yar'uwa daga baya tana tambaya, idan gasar ce kanta ta kai mutum, misali Tokyo a watan Maris? Daga Landan bambancin awa tara ne, wato safiyar gasa tsakar dare ce a jikinki. Mai hali ya isa da mako guda ko fiye. Wanda aiki bai bar shi ba, tun a gida ya fara matso da lokacin kwanciya da na tashi, kamar awa ɗaya kowace rana, kwana uku ko huɗu kafin tafiya. Maganin barci kuwa, kada ki fara gwada shi a daren gasa, ki tuntuɓi likita tun da wuri.