Ƙaramin bawul da hannun mai gyara a tashar nukiliya

(Laccar da aka gabatar wa ɗaliban lantarki da kanikanci a Garwa, an rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayen gida masu gareji, da ku ɗalibai, barkanku da zuwa. Babu tashar nukiliya a Kamaru ko a Cadi, kuma yawancin wutar da muke sha a nan Garwa daga madatsar Lagdo take fitowa. Duk da haka na zaɓi tashoshin nukiliya, domin a can ne ake rubuta kowane kuskure a bi diddiginsa, alhali bawul ɗin solenoyid, wanda muke kira elektirovan, yana hannunku kullum, tunda shi ne yake yanke wa janareta mai idan an kashe shi.

Aikinsa ba shi da wuyar fahimta. Idan wuta ta shiga kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinsa, sai ya zama maganaɗisu ya ja wata 'yar sandar ƙarfe, idan ta ɗauke kuma sifirin ya mayar da sandar mazauninta. A tashar nukiliya wannan ɗan bawul shi yake sakar wa manyan bawuloli iskar da take motsa su. A tashoshin da ruwa yake tafasa a cikin tukunyar, wato ma'ajin da makamashin nukiliya yake samar da zafi a ciki, bawulolin da suke tura sandunan kashe tukunya suna riƙe da wuta dare da rana, ta yadda da zarar an yanke wutar iska za ta fice, sandunan su shiga cikin 'yan daƙiƙoƙi. Dabara ce mai kyau, amma kwayil da ba ya hucewa yana gasa robar da ke ciki wata da watanni, kuma bawul da ba ya motsi ba ya nuna wa kowa cewa ya maƙale.

A nan ne hannun mai gyara yake shigowa. Ku ɗauki zoben roba baƙi guda biyu ku ɗora a tafin hannu, ido ba zai bambance su ba, amma ɗaya EPDM ne ɗaya kuma Viton. EPDM yana jure tururi da hasken nukiliya, sai dai idan giris ko man da aka samo daga ɗanyen mai ya taɓa shi yakan kumbura ya yi danƙo. Viton bai damu da mai ba, amma bai kai EPDM juriya ga hasken nukiliya ba. Mai gyaran da ya lakato giris da yatsa ya shafa wa zoben domin ya shiga da sauƙi, niyyarsa alheri ce, kuma bawul ɗin zai ci gwajin wannan rana, ɓarnar sai daga baya take bayyana. Haka nan ana ɗaura bawul a juye ba a duba kibiyar da ke jikinsa ba, ana kwantar da wanda aka ƙera don ya tsaya a tsaye, ana cika tef ɗin ɗaurin bututu har gutsurensa ya toshe ramin da bai fi bakin allura ba, ko a sa bawul inda ƙarfin iskar ya wuce abin da sifirinsa zai iya.

A 1991 hukumar kula da nukiliya ta Amurka, NRC, ta fitar da rahoto a kan matsalolin waɗannan bawuloli, kuma abin da ya fi damunta shi ne lalacewar bawuloli da yawa saboda dalili guda. A ganina wannan shi ne zuciyar maganar. Injiniyoyi suna sa bawul biyu ko fiye domin idan ɗaya ya gaza ɗaya ya tsaya, amma idan mutum ɗaya ne ya kwance su duka a rana ɗaya, da gwangwanin giris ɗaya da takardar umarni ɗaya mai kuskure, to lissafin ya rushe, domin tare za su gaza. Shi ya sa ake raba gyaran tagwayen na'urori a lokuta daban-daban, kuma wani mutum na biyu ya duba aikin da idonsa kafin a rufe.

Sai batun gwaji bayan gyara. Ranar 28 ga Maris 1979, a tukunya ta biyu ta tashar Three Mile Island da ke jihar Pensilbeniya, bawulolin ruwan gaggawa guda biyu suna rufe lokacin da aka buƙace su, sai bayan minti 8 aka lura. Abin da ya fi muni shi ne bawul ɗin rage matsi, wanda solenoyid yake sarrafawa, ya buɗe ya ƙi rufewa. Fitilar alamar wannan bawul a ɗakin sarrafawa ta mutu, ma'aikata suka ɗauka ya rufe, alhali abin da fitilar take nunawa kawai shi ne an yanke wa solenoyid wuta. Ruwan sanyaya tukunyar ya yi ta zuba fiye da awa biyu, kusan rabin cikin tukunyar ya narke. Bayan haka NRC ta wajabta wa tashoshi su sa na'urar da take nuna ainihin halin da irin wannan bawul yake ciki. Ku ma idan kun ɗaura elektirovan, jin ƙarar "ƙat" daga kwayil bai isa shaida ba. Ku kunna injin ku yanke wutar, ku tabbatar mai ya tsaya, sannan ku maimaita gwajin bayan kwayil ya ɗauki zafi.