Ina Za a Shimfiɗa Tabarmar? Lacca Kan Zaman Dangi Don Kare Yaro

An rubuto wannan daga muryar laccar da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta yi a Garwa, arewacin Kamaru.

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da zuwa cikin wannan rana.

Maganata yau a kan wurin zama ce. Idan yaro ya shiga wani hali, ko an yi masa dukan da ya wuce horo, ko uwarsa ta rasu an rasa mai riƙonsa, akwai tsarin da ya ce a tara danginsa su yanke shawara da kansu. A Niyu Zilan aka fara sa shi cikin doka a 1989, bayan 'yan ƙabilar Mawori, wato mutanen asalin ƙasar, sun daɗe suna kukan hukuma na ɗauke musu 'ya'ya ba tare da jin ta bakin dangi ba. Zaman hawa uku ne. Ma'aikata su faɗi abin da ya dame su, su fita su bar dangi su kaɗai, sannan a dawo a ji abin da suka tsayar.

Wannan fitar ita ce ƙashin bayan abin. To in a ofishina ake zaman, ko na fita ai ban fita ba. Teburina na nan, takarduna na Faransanci na nan, masinja na bakin ƙofa. Na sha ganin baffan yaro ya zo daga ƙauye, ya tuɓe takalmi, ya ɗosana a bakin kujera kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Duk abin da na ce, sai ya ce "to, Hajiya". Wallahi wannan "to" ɗin tsoro ne. Bayan sati biyu babu abin da aka cika.

Sai wani ya ce a kai zauren mai gida. Zaure na maza ne, kun sani. Gwaggon da ta san daren da yaron ya kwana da yunwa tana can tsakar gida, sai dai a aika mata da abin da aka gama. In kuma mai zauren shi ne mai dukan fa? Yarinya za ta buɗe baki a gidansa? Ƙofar jauro, wato mai unguwa, ko fadar lamiɗo na da kwarjini, amma wa zai musa wa sarki a gabansa?

Abin da nake yi yanzu, ina tambayar dangin uba daban, dangin uwa daban. Ina tambayar yaron ma. Sashe na 12 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, wadda Kamaru ta amince da ita a 1993, ya ce a saurare shi. Ina guje wa ranar kasuwa, ina neman wuri mai ɗaki na biyu inda yaro zai huta in maganar ta yi zafi.

Wata yarinya ta ce mini gidan kakarta ta wajen uwa take so. Muka zauna a gindin darbejiya, kowa a tabarma har ni, kawu da baffa kafaɗa da kafaɗa. Da lokacin fita ya yi, na koma gidan maƙwabta na sha shayi har aka kira la'asar. Tsohuwar da kanta ta aiko a kira ni. Ta ce yarinyar za ta zauna wurinta, baffa zai biya kuɗin makaranta, kawu zai riƙa leƙowa duk Juma'a.